Zango Huɗu a Falalen Idwal

A arewacin yankin Wales, cikin ƙasar Birtaniya, akwai wani kwari da ake kira Cwm Idwal. Tafki ne a tsakiyarsa, tsaunuka kuma sun kewaye shi ta fuska uku. Can ƙarshen tafkin wani ƙaton falalen dutse ya jingina da jikin tsauni, kamar allon da almajiri ya jingine a bango ya fita. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka da tafiyar ƙafa kawai ake hawansa, sai ya zo gindinsa ya ɗaga kai sannan ya sake shawara. A jikin falalen nan akwai wata hanyar hawa mai suna Hope, wato fata, tsawonta kimanin mita 140, an kasa ta zango huɗu. Akwai wani dattijo da ya hau ta fiye da sau ashirin cikin shekara talatin, kuma duk hawan da ya yi shi ne a gaba. Wata Asabar a ƙarshen watan Satumba ya zo da ƴarsa don su ƙara hawa ɗaya, da wata magana a cikinsa wadda ya yi wata biyar yana ɓoye mata.

Mutumin haifaffen Zangon Kumasi ne a ƙasar Gana, jikan fataken goro. Ya zo birnin Liverpool yana saurayi, ya kama aikin jinya. Wata rana da ba su da aiki wani abokin aikinsa ya ja shi zuwa duwatsun Wales, tun daga ranar kuwa bai bar zuwa ba. Da ƴarsa ta kai shekara goma sha ɗaya ya fara ɗaura mata igiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da shi ba, Uwata yake ce mata. Da yake da Hausa suke magana a gida, bai ga dalilin canja harshe a kan dutse ba, sai ya ɗauko kalmomin ayarin kakanninsa ya ɗora wa abin. Nisan da ake hawa kafin a tsaya a haɗu ya kira shi zango, wanda ke gaba kuma ya kira shi jagaba. Dabarar ta yi musu amfani fiye da yadda ya zata. Ranakun hutu falalen yakan cika da masu hawa, kowa yana ƙwala wa abokinsa kira da kalmomin Turanci iri ɗaya, har wani ya amsa kiran da ba nasa ba. Su kuwa in aka ce “Na kafu!” ko “Taho!”, babu mai shakkar wa ake nufi.

Yadda ake hawan irin wannan hanya ba shi da wuyar fahimta. Mutum biyu ne da igiya mai tsawon mita 50 ko 60, kowa ya ɗaura bakinta ɗaya a ɗamarar da ke ƙugunsa. Jagaba ya fara hawa, na ƙasa yana sakar masa igiya kaɗan-kaɗan ta cikin wani ɗan ƙarfe mai aikin birki. Duk inda jagaba ya sami tsaga a jikin dutse sai ya cusa wani guntun ƙarfe mai faɗin kai da tsukakken gindi, ya ja shi har ya cije, ya maƙala masa ƙugiya, ya ratsa igiya ta cikinta. In ya faɗi, ƙarfen da ya cusa na ƙarshe shi zai tare shi, amma sai bayan ya faɗo ninki biyu na nisan da ke tsakaninsa da ƙarfen, har da ɗan ƙari, domin igiyar tana miƙewa. In ya kai wani dakali kafin igiya ta ƙare, sai ya kafa ƙarafa biyu ko uku ya ɗaure kansa, ya janye ragowar igiyar, ya kira na ƙasa. Na ƙasa ya hau yana cire ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, igiya tana riƙe da shi daga sama, ko ya zame ba zai yi nisa ba. Haka za a yi ta yi, zango bayan zango. Nauyin tafiyar dai a wuyan jagaba yake. Shi ke neman hanya, shi ke iya yin doguwar faɗuwa, kuma a kan ƙarafan da ya kafa ran mutum biyu yake rataye.

Wannan shi ake kira hawan gargajiya, don a bambanta shi da wanda ake huda dutse da inji a kafa ƙusoshi na dindindin. A irin waɗannan duwatsun tsauni na Wales ba a yarda da huda ba, abin da mutum ya zo da shi da shi zai koma. Masu hawan da suka gabata tsakuwa suke zubawa a aljihu, su cusa ta a tsaga su zagaya mata igiya. Wajen 1960 wasu suka fara tsintar notin inji, har a gefen layin dogon da ke hawa tsaunin Snowdon, su goge zaren cikinsa su zura masa igiya. Daga baya aka shiga ƙera na musamman, amma sunan noti ya bi su har yau. A 1978 aka fara sayar da wani sabon ƙarfe mai kunnuwa huɗu, wanda ke tsukewa in an ja kunamarsa, ya buɗe ya cije bangon tsaga in an saki. Dattijon yana da irinsa guda huɗu, sai dai zuciyarsa ta fi kwanciya da noti, don yakan ce abin da ba shi da inji a ciki ba ya lalacewa a ɓoye.

Mutanen Birtaniya da kalmomi suke auna wahalar hanya. Littafin jagora ya sa Hope a matakin da suke kira Very Difficult, ma'ana mai matuƙar wuya. Sunan na tsohon zamani ne, lokacin da ake hawa da takalma masu ƙusa a tafi da igiya irin ta rama. Yau matakin yana cikin na ƙasa-ƙasa, akwai matakai da yawa a bisansa, da shi ma ake koya wa sababbi. Amma tsawon dutsen bai ragu ba don an sami takalman roba. Ƙungiyar masu ceto ta kwarin Ogwen, wadda aka kafa a 1965, ta sha zuwa falalen nan cikin dare ta sauko da mutanen da suka ɗauke shi wasa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mace ce ta fara jan gaba a wannan hanya, a watan Agusta na 1915. Sunanta Emily Daniell, masu karatu kuma sun san ta da E. H. Young, marubuciyar ƙagaggun labarai, maza uku ne suka biyo bayanta a igiya. Minerva aka fara kiran hanyar kafin sunan Hope ya zauna, maƙwabtanta biyu kuma suka sami Faith da Charity, wato imani da sadaka. Dattijon ya sha ba ƴarsa wannan labari a gindin dutsen yana rataya kayan jagaba a ƙugunsa. Bai taɓa lura ba cewa labarin mace jagaba yake ba macen da bai taɓa bari ta shiga gabansa ba. Ita ta lura, ta yi shiru. Shekararta ashirin da bakwai, ta ja gaba tare da abokanta a hanyoyin da suka fi Hope wuya nesa ba kusa ba, amma in da Baba ne bayansa take bi kamar ranar farko.

Maganar da yake ɓoyewa ta ƙafafunsa ce. Ya daɗe da ciwon suga, a watan Afrilu kuma ya fara jin tafin ƙafarsa kamar ya taka auduga. Shi ma'aikacin jinya ne, ya san abin tun kafin likita ya faɗa: ciwon ya taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo daga yatsun ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. A kan titi wannan bai hana shi komai ba. A kan falale kuwa ƙafa ce ke yin kusan dukan aikin. Ba a cika samun manyan mariƙai da hannu zai rataya a kansu ba. Mutum yakan ɗora gefen takalmi a kan ɗan ƙullutun da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya ji ta cikin roba ko ya zauna, sannan ya miƙa masa nauyinsa duka. Wanda ba ya ji sai dai ya yi zato. Dattijon ya gaya wa kansa cewa hanyar da ya hau sau ashirin ba ta buƙatar ji, jikinsa ya riga ya haddace ta.

Suka bar mota kusa da tafkin Ogwen, suka bi turbar da aka shimfiɗa da duwatsu, tafiyar kamar rabin awa. Kwarin shi ne wuri na farko da aka keɓe a Wales don kare tsirrai da halittunsa, a 1954. Charles Darwin ya zo nan a 1831 yana nazarin duwatsu, ya tafi bai ga alamar kogin ƙanƙarar da ya sassaƙe kwarin ba. Sai da ya dawo a 1842 ya ga shaidar a ko'ina, a manyan duwatsun da ƙanƙara ta yasar da kuma zanen da ta bari a jikin fa. Wannan ma yana cikin labaran da dattijon ya saba bayarwa a hanya, amma ran nan bai ba da shi ba. Ƴar ta ga yana sunkuyar da kai yana duban inda zai sa ƙafa, a turbar da yara ke wucewa da gudu.

Sun makara. Ayari biyu ne a gabansu, suka zauna jira a gindin dutse har azahar ta gota. An yi ruwa da dare, fuskar falalen ta bushe amma cikin tsagogin da sauran laima. Da layi ya zo kansu dattijon ya sa hular kwano, ya duba ƙullin ƴarsa kamar kullum, ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa.

Zangon farko shi ne mai tsawo, kuma mai sauƙi, da jijiyoyin farin dutse mai ƙyalli sun ratsa shi nan da can. A da, ƙarfe uku ko huɗu yake sawa a cikinsa duka. Ran nan kafin ya kai rabi ya sa shida. Yakan ɗora ƙafa, ya ɗaga, ya sake ɗorawa, hannayensa suna matse dutse har jijiyoyin damtsensa suka fito. A wani wuri ƙafar dama ta zame, ya tare kansa da tafin hannu, ya tsaya yana numfashi. Cikin hanzarin barin wurin ya ja igiya da ƙarfi, sai noti na biyu, wanda ya cusa a gaggauce, ya tsige daga tsaga. Notin ya biyo igiya yana ƙara, ƙil-ƙil-ƙil, har ya zo ya tsaya a kan ƙarfe na farko. Shekara goma sha shida tana riƙe masa igiya, ba ta taɓa ganin ƙarfensa ya fita ba.

Ta same shi a babban dakalin da ke ƙarshen zangon, ya ɗaure kansa da ƙarafa uku, yana kallon tafki. Ta ɗaure nata, ta miƙa masa abin da ta ciro.

“Baba, notinka na biyu ya fita.”

“Na gani,” in ji shi, ya karɓa ya maƙala a ɗamara.

A bisa dakalin nan ne wuyar hanyar take. Wasu siraran tsagogi ne guda biyu, tagwaye, suna tafiya sama kusa da juna, tsawonsu bai fi ƴan mitoci ba. Ƙafafun mutanen da suka bi ta nan cikin fiye da shekara ɗari sun goge bakinsu har ya yi santsi kamar kwalba. Wanda ya faɗi a nan yana jagaba ba iska zai faɗa ba, dakalin ne zai tarbe shi, idon sawu kuma shi ke biyan kuɗin. Dattijon ya matsa ya sa yatsu a tsagar dama, ya ɗora ƙafar hagu a inda ya saba. Ya jira saƙon da ƙafar ta saba aiko masa, bai zo ba. Ya sauke ta. Ya goge tafin takalmin da hannun riga, ya sake ɗorawa, ya sake saukewa. A ƙasa wasu samari biyu sun fara hawa zangon farko, nan da ɗan lokaci za su iso su tsaya suna kallo. Ya ɗora karo na uku, ya ɗan miƙa nauyi, ya ji gwiwarsa tana rawa, ya dawo.

Da a ce babbar hanya ce mai wuya, da bai rasa abin faɗa ba. Wanda ya kasa a wurin da gwanaye ke kasawa ba ya jin kunya, yakan ce dutse ya fi ƙarfinsa yau, kowa ya gyaɗa kai. Matsakaiciyar hanya ba ta ba mutum wannan mafaka. In ya tsaya a wurin da ya wuce sau ashirin yana hira, to ba dutsen ne ya canja ba, kuma duk wanda ke tsaye kusa ya san haka. Dattijon ya ga abin da ke gabansa sarai. Yana iya cewa laima ta yi yawa, su bar ƙarfe biyu a dakali su zurara ƙasa da igiya, ya koma gida da sirrinsa. Yana iya rufe ido ya tura, wataƙila ya wuce. In bai wuce ba, ƴarsa ce za ta zauna a kan dakali mita arba'in daga ƙasa da uba mai karyayyar ƙafa, tana kiran masu ceto. Ya yi jinyar irin waɗannan karaya, ya san watannin da suke ci, ya kuma san yadda rauni ke jinkirin warkewa a ƙafar mai ciwon suga.

“Uwata.”

“Na'am, Baba.”

“Ba na jin ƙafafuna. Tun watan Afrilu.”

Ba ta ɗago daga kan igiyar da ke hannunta ba. “Na sani. Mama ta gaya mini tun Yuni.”

Ya juyo ya dube ta. “To, me ya hana ki magana?”

“Jira nake ka faɗa da bakinka. Amma da ka ɗora ƙafa karo na huɗu, da ban sakar maka igiya ba.”

Ya yi shiru har iska ta kaɗa igiyar da ke tsakaninsu. Sannan ya kai hannu ƙugunsa ya fara ciro kayan. Ba a miƙa kayan jagaba a dunƙule, don kada wani abu ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Ɗaya-ɗaya ake yi, mai bayarwa ba ya saki sai mai karɓa ya ce ya riƙe. Ya miƙa notoci ƙanana, ta ce ta riƙe. Ya miƙa manya, ya miƙa masu kunnuwa huɗun, da ƙugiyoyi da madaurai, tana jera su a ɗamararta bisa tsarin da ba nasa ba. Da ƙugunsa ya zama wayam sai ya ji kamar an cire masa riga a kasuwa. Ya buɗe baki zai gaya mata inda ƙaramin noti ke shiga, ya tuna sau nawa ta ciro shi daga wurin da hannunta, ya rufe bakin. Ya karɓi birkin igiya ya ce, “Allah ya tsare. Hau.”

Ta sa noti ɗaya tun tana tsaye a dakali, sama da kanta, ta ja shi sau biyu. Ta ɗora ƙafa a kan santsin nan, ta sauke diddige, ta miƙe a kai kamar mai hawa matakalar gida. Taku huɗu ta wuce tagwayen tsagogin. Shi kuwa yana ƙasa, wuya a ɗage, igiya tana zamewa ta cikin tafinsa. Sai a lokacin ya ga hawanta daga ƙasa, abin da bai taɓa gani ba, domin kullum daga sama yake hango hular kwanonta tana tahowa. Ba irin hawansa take yi ba. Ba ta rungumar dutse, tana ba shi tazara don ta ga ƙafafunta, kuma ba ta tsayawa neman mariƙin da ya fi wanda ke hannunta. Da ta sha kwana ta ɓace masa, sai ya rage daga shi sai igiya. In ta tsaya ba ta motsi ya ji zuciyarsa ta tsaya, in ta ja ya saki da sauri. Ya gane cewa wannan zama shi ƴarsa ta yi shekara goma sha shida tana yi, kuma bai taɓa tambayarta yadda yake ba.

“Na kafu!” Muryarta ta sauko daga sama. Bayan ɗan lokaci igiya ta miƙe a ƙugunsa. “Taho, Baba!”

A taku na biyu cikin tagwayen tsagogin ƙafar hagu ta tafi. Bai ji tafiyarta ba, sai dai ya ga dutse ya matso fuskarsa. Kafin ya ce “Riƙe!” an riga an riƙe, bai sauka fiye da kamu ɗaya ba. Ya tsaya a rataye, gwiwa a jikin dutse, samarin nan biyu suna dakali a ƙarƙashinsa sun kau da kai don ladabi. Kunyar da ya yi wata biyar yana gudu ta zo, ya same ta ba ta kai yadda ya zata ba. Ya gyara tsayuwa. Tun da ƙafa ta daina ba da labari, sai ya sa ido ya yi aikinta: ya zaɓi wurin, ya kalli bakin takalmi har ya sauka a kai, bai ɗauke ido ba sai da ya miƙa nauyi. Abin da ya koya wa yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya ke nan a makonta na farko, shi kuma ya daɗe da barinsa don ya ga ya wuce nan. Ya haura. Da ya kai ga notinta na biyu ya ja, ya ƙi fita. Sai da ya sa ƙarfen cirewa ya doke shi daga ƙasa sau uku. Ya juya notin a hannu, ya leƙa tsagar da ya fito, ya ga babu wurin da ya fi wannan a duk tsawonta.

Zango na uku da na huɗu suka wuce ba labari. Hanyar ta bi gefen wani lungu, mariƙai suka yawaita, dutsen ya yi kaushi inda ƙafafu ba su cinye shi ba. A kowane dakali yakan miƙa mata abin da ya ciro, ta ce ta riƙe, ta wuce. Tafkin ya ƙanƙance a ƙarƙashinsu. Daga gefe suna hango baƙar tsagar nan da ta raba tsaunin, wadda mutanen Wales ke kira Twll Du, wato baƙin rami, hazo yana fita daga bakinta kamar hayaƙin murhu.

Hope ba ta ƙarewa a ƙololuwa. A wani faffaɗan dakali take ajiye mutum a tsakiyar tsauni, ga bangaye masu tsayi a sama, ga falalen da aka hau a ƙasa. Nan ne yawancin waɗanda dare ke riskewa suke ɓata, domin hanyar sauka ba ta fara da sauka ba. Dole a ƙara hawa, a karkata hagu ta kan duwatsu da ƴan dakalai, a yi nisa fiye da yadda rai ke so, sannan a sami wurin gangarawa. Lokacin da suka iso shida ta wuce, gajimare ya sauko, haske ya fara ja da baya. Ƴar ta naɗe rabin igiya a kafaɗa, ta nufi wani kwazazzabo da ya buɗe baki a hagu, mai kama da hanya.

“Ba nan ba, Uwata. Wannan a kan bango yake ƙarewa. Sama za mu ƙara.”

Ta tsaya ta dubi sama, ta dubi agogo. “Ka tabbata, Baba?”

“Sau ashirin da ɗoriya.”

Ta sauka ta nan tare da shi sau da yawa, amma bayansa take bi, mai bin baya kuwa duga-dugan na gaba yake haddacewa. Suka kunna fitilun goshi. Ita ce a gaba da igiya, shi yana baya yana faɗa mata inda za ta nufa. Ya ce ta duba inda dutse ke ƙyalli a hasken fitila, nan mutane suka bi. Santsin da ya kayar da shi a tagwayen tsagogi shi ya zama musu alama a nan. Samarin nan biyu, da suka iso dakalin suna jujjuya littafin jagora, suka ga fitilu suna hawa, suka ƙwala kira ko za su iya biyowa. Dattijon ya ce su taho. A wurin gangarawa, inda dutsen ya miƙe tsaye na ƴan mitoci, ya ce shi ba zai sauka da ƙafa ba. Ya zagaya madauri a wani ƙaƙƙarfan dutse, ya zura igiya. Kafin ya jingina da ita ƴar ta sa hannu ta duba ƙullinsa da ƙugiyarsa, ta juya su a hasken fitila. Ya ɗaga hannaye ya bar ta ta gama.

Duhu ya rufe sosai lokacin da suka iso bakin tafki. Samarin suka yi godiya suka wuce. Uba da ƴa suka zauna a kan wani dutse, ya auna sugansa, ya ci dabino uku, ta zazzage kayan a kan riga tana ƙirgawa. Ba abin da ya ɓata. Notin da ya tsige a zangon farko yana cikinsu, da sabon ƙarzo a gefensa. Ta haɗa su duka a madauri ɗaya ta sa a jakarta. Ya ga ta sa, bai ce komai ba, ya ɗauki igiya ya rataya a kafaɗa.

Sun yi nisa a turba, fitilunsu suna haska duwatsun da aka shimfiɗa, sannan ya yi magana.

“Akwai Charity nan kusa da ita. Farkonta ya fi wannan santsi. Ba ki taɓa jan gaba a kanta ba.”

“Sai ka koma wurin likita ya duba ƙafar tukuna. Kuma kai za ka gaya wa Mama abin da ya faru yau.”

“Duka?”

“Har da notin.”

Ya yi ƴar dariya, ya ce to. Ya ci gaba da tafiya a bayanta, yana kallon bakin takalminsa har ya sauka a kan kowane dutse.